MOTA MAI WARIN ISANSI, WUTA NA KUSA

Ranar kasuwa, tun da hantsi, motoci na shigowa Urno daga ƙauyuka. Mafi yawansu tsofaffi ne. Akwai Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, akwai Toyota, akwai manyan kamiyo masu ɗaukar hatsi da wake da bisashe. Wasu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. An fara ƙera 504 a Faransa a shekarar 1968. Daga baya an daɗe ana haɗa ta a Kaduna, har wajen 2005. Ke nan ko autarsu ta yi shekara 20 tana shan rairayi da duwatsu.

Ba wanda za shi raina waɗannan motoci. Su ke fid da amfanin gona zuwa Madawa. Su ke hawan duwatsun Buza da Keita. In naƙuda ta yi wuya cikin dare, ita wannan tsohuwar mota ake tadawa a kai mace likita. Manomi ba shi da wata, direba ma ba shi da kuɗin sabuwa.

Amma akwai abu guda da jama'a sunka saba da shi, wanda bai kamata a saba da shi ba. Shi ne warin isansi, wanda wasu ke ce ma fetur. Mutum shi shiga mota, wari shi cika mishi hanci har kai shi yi ciwo. In ya yi magana sai a ce: ai haka tsohuwar mota take. Ba haka ba ne. Mota mai lafiya, ko ta tsufa, ba ta cika fasinja da warin mai. In ana jin wari, akwai inda mai ke fita.

TURURIN NE KE KAMAWA

Mutane da yawa na tsammani sai ashana ta taɓa ruwan isansi kana wuta ta tashi. A nan kuskuren shike. Isansi na fid da tururi kullum, ko da sanyin hunturu ne. Wannan tururi shi ne warin da hanci ke ji, kuma shi ke kamawa. Ido bai ganin shi.

Tururin isansi ya fi iska nauyi, ninki 3 ko 4. Saboda haka ba shi tashi sama kamar hayaƙin murhu. Ƙasa shike bi kamar ruwa, shi gangara cikin rami, shi kwanta ƙarƙashin kujeru, shi taru tsakanin buhuna. Kuma ba sai ya yi yawa ba. In anka auna iskar wuri mudu 100, anka iske mudu 2 tururin isansi ne, to ya isa. Tartsatsi guda kaɗai ya rage. Shi ya sa ake ganin mutum ya ƙyasta ashana can gefe, wuta ta biyo ƙasa da gudu ta isko bido.

Gazuwal, man manyan kamiyo, ba shi da wannan gaggawa. Sai ya yi zafi ƙwarai kana shi fid da tururin da ke kamawa. Amma in ya ɗiga bisa ƙarfe mai zafi, ko ya jiƙa tsumma da buhu, shi ma shina ci, kuma kashe shi da wuya.

A ƙasar Adar da Gobir, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Lokacin nan isansi ya fi fid da tururi. Shina kuma kumbura. Bido mai lita 25 da anka cika fal da sanyin safiya, in ya sha rana bisa mota, man na iya ƙaruwa da kusan rabin lita. Ina za shi? Sai shi nemi bakin bido, ko shi fasa inda robar ta yi rauni.

INDA MAI KE YOYO

Daga tanki zuwa inji, mai na bin tiyo. Wani wurin tiyon ƙarfe ne, wani wurin na roba. Zafi da shekaru na busar da robar, ta yi tauri, ta tsattsage kamar diddigen ƙafa da hunturu. Na ƙarfen kuwa girgizar hanya na sa shi goga jikin mota har shi huje. Shi kanshi tankin, dutse na bugun shi daga ƙasa, tsatsa na cin shi daga ciki.

Direbobin daji na da dabara, ba a hana su yabo. In tanki ya huje tsakiyar hanya, sai a murza sabulu a toshe. In tiyo ya tsage, sai a yanko robar tsohuwar taya a ɗaure. Wannan dabara ta isar da mota gari ce, ba ta zama ba ce. Abin takaici, sau da yawa sabulun nan shi ke zama gyaran har wata uku. Isansi na cin robar taya, tana yin laushi ta saki. Haka tiyon ban ruwa na garka da wasu ke sawa don ya fi arha. Ba don mai anka yi shi ba. Tiyon mai daban ne, kuma bakinshi na son zoben ƙarfe mai noti, ba waya ko tsumma ba.

Akwai wata dabara da ta fi duka haɗari. In famfon da ke tura mai ya mutu, sai a aza bido bisa rufin mota, ko a ba yaron mota shi riƙe cikin gidan gaba, a zura tiyo har kafireto. Mota na tafiya, mai na kaɗawa, shina zuba. Fasinja na zaune kusa, wani ma da taba a baki. Duk wanda ya ga haka a tasha, gara shi sauke kayanshi shi jira wata mota, ko da za shi kwana.

Shi kafireto, in ya tsufa, shina ambaliya. Mai shi cika shi, shi zubo bisa inji. A ƙarƙashi ko a gefe kuwa akwai bututun hayaƙi, wanda zafinshi inda ya fito daga inji ke wuce digiri 300. Ruwa na tafasa a digiri 100, sai a kwatanta. Wasu kuma in mota ta ƙi tashi, sai su tsiyaya isansi cikin bakin kafireto, wani na murza makulli. In injin ya yi tari, wuta na fitowa ta bakin nan, ta kama kwalba da hannun mai riƙe da ita. Makanikai da yawa na ɗauke da tabon wannan aiki.

Sai murfin tanki. Ya ɓace tun bara, an cusa tsumma ko leda. Tsumman ya sha mai, ya zama lagwani.

INDA TARTSATSI KE FITOWA

Mai kaɗai ba shi tada gobara, sai ya samu abokin aiki. A tsohuwar mota abokan na da yawa.

Na farko batir. Kan batir ya yi sako-sako, an buga ƙusa an matse shi. Batirin kanshi ba a ɗaure shi ba, shina tsalle duk ramin da anka faɗa. In ya taɓa ƙarfen mota, sai tartsatsi. Ga wayoyi da ɓera ya ci, ga waɗanda anka haɗa da hannu ba a naɗe ba. Akwai motocin da ba su da makulli ma, sai an haɗa waya biyu kana su tashi, kuma kowane haɗi da tartsatsinshi.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake ce ma fis. Aikinshi shi tsinke in wutar batir ta yi yawa, don kada waya ta yi zafi. Shi ne mai gadin mota. In ya tsinke, alama ce akwai cuta a wani wuri. Amma sai a cire shi a sa guntun waya, ko farar takardar kwalin taba. Mota ta tashi, kowa ya yi murna. An kori mai gadi ke nan, ɓarawo na ciki. Ranar da waya ta haɗu, za ta yi ja, robarta ta narke, ta kama.

Makiyaya kuma su lura da wannan. Bayan damina, in ciyawa ta bushe, mota ko babur da ya tsaya bisa ciyawa da bututu mai zafi na iya tada gobarar daji. Direba ya wuce bai ma sani ba. Abincin bisashe na wata da watanni shi ƙone cikin yini guda. Motar da ta ɗauko kara ko harawa ko tabarmi, a duba kada kayan su sauko kusa da bututun hayaƙi.

Duba mota ba shi da tsada. Da safe, kafin a tada inji, direba shi duƙa shi dubi rairayin da ke ƙarƙashi. In akwai jiƙa, shi shinshina. Shi buɗe murfin inji, shi bi tiyo da yatsa tun daga farko har ƙarshe, shi lanƙwasa robar kaɗan shi ga ko ta tsage. Shi girgiza batir. Sa'an nan shi tada inji shi sake dubawa, don wani yoyon ba shi nuna kanshi sai famfo na aiki. Da tocila ake wannan dubi in da duhu. Ba a yin shi da ashana ko fitilar ƙwai. Duka aikin bai kai shan shayi zagaye guda ba.

Tankin da ya huje kuwa, kada a kai shi walda don an ga ba mai ciki. Tanki marar mai ya fi cikakke haɗari ga mai walda, don tururi ne fal cikinshi. Sai an cire shi, an wanke shi sarai, kuma gwani ya yi aikin.

LAIFIN BA NA DIREBA KAƊAI BA NE

Gidan mai na nesa da ƙauye. Ga babura sun yi yawa, ga injin ban ruwa na masu albasa, ga injin niƙa. Dole mai shi shiga daji cikin bido. Shekara da shekaru man Najeriya ne ke shigowa ta kan iyaka, ƴan ruwa-ruwa na saida shi cikin kwalabe bakin hanya. Matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011. A watan Mayu na 2023 kuma Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗinshi ya hau can. Duk da haka bido da kwalba ba su bar ƙauye ba, don wanda ke nesa da famfo ba shi da wata hanya.

To, ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya saye lita 20 don injin garkarshi. Shina tsoron direba shi ƙi, ko shi ƙara mishi kuɗin kaya. Sai shi cusa bidon cikin buhu, shi rufe da tsumma, a aza tsakiyar kaya. Mata da yara su hau bisa. Bidon tsohon na man girki ne, bakinshi leda ce anka ɗaure. Ba wanda ya san da shi sai mai shi. Wannan ba wayo ba ne. Mai ɗauke da isansi shi faɗi gaskiya. A sa bidon tsaye, a ɗaure shi inda iska ke bugu, nesa da batir da bututun hayaƙi. Kada a cika shi har baki, a bar tazarar yatsa huɗu. Kuma ranar nan ba shan taba cikin mota, ko da mai tabar babban mutum ne.

A tasha ma haka. Sau da yawa teburin mai kwalaben isansi na nan, mai ƙosai na gefe da wutarta, mai shayi na hura gawayi, mai tsire na bayansu. Kowa na neman abincinshi, gaskiya ne. Amma sarkin tasha da sarkin kasuwa na iya raba musu wuri ba tare da kowa ya yi asara ba. A gida kuma, ba a ajiye bidon mai cikin ɗakin kwana, ko kusa da murhu, ko gindin rumbu. Injin ban ruwa da babur, a kashe su, a bari su huce kaɗan, kana a zuba musu mai.

IN TANKAR MAI TA FAƊI

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni da Galmi da Madawa ta nufi Maraɗi da Damagaram. Tankokin mai na bin ta dare da rana. Mutanen Urno na hawa wannan hanya, ɗiyansu kuma na tafiya cin rani Najeriya. Ya kamata su san abin da ya faru ga wasu.

Daren 5 ga Mayu 2019, wayewar 6 ga wata, wata tankar isansi ta kife a Yamai, kusa da filin jirgin sama. Mai ya malala. Jama'a sunka fito da bokiti da bido suna kwasa. Waɗanda sunka tsira sun ce wani babur ne da ke wurin ya ba da tartsatsin. Da gari ya waye an ƙirga gawa 58. Cikin kwanakin da sunka biyo, waɗanda sunka ƙone sunka yi ta cikawa a asibiti, har adadin ya wuce 70. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3 a ƙasa duka.

Daren 15 ga Oktoba 2024, a garin Majiya cikin jihar Jigawa, tankar da ta taso daga Kano ta faɗi. Nan ma mutane sunka taru kwasar mai. Waɗanda sunka rasu sun wuce 180, an binne da yawa cikin kabari guda. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu 2025, a mararrabar Dikko kusa da Suleja, anka tada injin janareta don a juye mai daga tankar da ta faɗi zuwa wata. Injin nan ya kunna wutar. Mutum fiye da 80 sunka mutu.

Ba masu kwasa kaɗai abin ke ci ba. A Yamai da Majiya akwai waɗanda kallo ya kai su, akwai waɗanda sunka zo janye ƴan uwansu. A watan Satumba na 2024 kuma, wajen Agaie cikin jihar Neja, tankar mai ta yi karo da kamiyo mai ɗauke da mutane da shanu. Mutum 48 ko fi sunka ƙone, tare da shanu wajen 50.

Talauci ne ke tura mutum ga man da ya zube, kowa ya san haka. Bido guda na iya zama kuɗin hatsin sati. Amma mai tsaye cikin tabkin isansi, tufafinshi sun jiƙe, tururi ya kewaye shi, ranshi na hannun duk wanda ke wurin. Ko shi ya yi hankali, ba shi da iko da mai taba, ko mai babur, ko bokitin ƙarfe da ya bugi kwalta. In tanka ta faɗi, a yi nesa ƙwarai, a bi gefen da iska ke fitowa, a tsare yara, a kashe wutar girki ta gidajen kusa, a gaya ma jandarma. Lambar masu kashe gobara a Nijar ita ce 18.

IN WUTA TA TASHI

Direba in ya ji ƙaurin roba ko ya ga hayaƙi, shi tsaya nan take, nesa da ciyawa da bukkoki, shi kashe inji. Mutane su fara sauka, yara da tsofaffi a gaba. Kaya su jira. An sha ganin wanda ya fita lafiya, ya koma ɗauko jaka, bai sake fitowa ba. Ƙofar da ba ta buɗuwa sai daga waje, ko wadda anka ɗaure da igiya, ita ma abin gyara ce tun kafin wannan rana.

In wutar na cikin inji, kada a ɗaga murfin gaba ɗaya. Iska za ta shiga, wuta ta yi tsalle ga fuska. A ɗaga kaɗan, a fesa maganin kashe wuta ta kafar. Jan tulun nan na kashe gobara ba don jandarma anka yi shi ba. Shi zamana da magani ciki, kuma kusa da hannun direba, ba ƙarƙashin buhu 30 ba. In babu shi, rairayi na aiki, kuma rairayi bai ƙaranta a ƙasar Urno ba. Shebur guda cikin mota ya isa. Ruwa kuwa ba shi kashe isansi. Man na hawa bisa ruwa, ruwan shi ɗauke shi shi kai wutar inda ba ta kai ba. In wuta ta isa wajen tanki ko bido, a bar motar, a gudu.

Wanda wuta ta kama tufafinshi, kada shi sheƙa da gudu, gudu hura ta shike. Shi faɗi ƙasa shi yi birgima. Na kusa su rufe shi da bargo ko babbar riga ta auduga. Yadin roba narkewa shike shi manne ga fata.

Da wuta ta mutu, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, bisa ƙunar har minti 20. Wannan ruwa na rage zurfin ciwon. A cire zobe da munduwa da agogo tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne, kada a fizge ta. Kada a fasa ƙurajen ruwan da sunka taso. Sa'an nan a rufe da ƙyalle wankakke, a lulluɓe mutumin don kada sanyi shi kama shi.

A nan ne ake yawan ɓata aiki, da kyakkyawar niyya. Wani shi kawo ɗanyen ƙwai, wani man goge haƙori, wani baƙin man inji, wani toka ko kashin shanu. Duk waɗannan na sa ƙuna ta ruɓe, kuma sai likita ya kankare su kana shi fara magani, mai ciwo na kuka. Kada a shafa komi. In mutumin na cikin hankalinshi kuma shina iya haɗiya, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in da hali ruwan gishiri da sukari irin na zawo, don mai ƙuna na asarar ruwan jiki da yawa.

Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko ta hannu, ko ta al'aura, ko kowace ƙuna ga ƙaramin yaro, ta likita ce a ranar. Haka wanda ya shaƙi hayaƙi muryarshi ta dushe, ko da fatarshi lafiya lau, don maƙogwaro na iya kumbura daga baya shi toshe numfashi. A fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su rubuta takarda a wuce babban asibitin Madawa, ko Galmi, ko Tawa.